Zuwa ga Sarkin Ruwan Falo

Taubashi,

Ina gaishe ka gwargwadon abin da ka cancanta, wato sama-sama. Uwargida kuwa ina gaishe ta da kyau, domin ita ke haƙuri da kai. Ka ce wa Kawu ɗan ƙanwarsa yana nan yana ƙoƙarin rufa wa zuri'a asiri, amma ɗansa ya fi ƙarfina.

Tun ina tasha, ko jaka ban sauke ba, wani ɗan acaɓa da ya gane ni ya ce, "Malam, ka zo taya ɗan'uwanka murnar naɗi?" Na ce wane naɗi, ni da hawan Sallar Gani ya kawo ni Daura? Ya ce ai ka zama Sarkin Ruwa. Na yi shiru ina lissafi. Na san Sarkin Ruwa a Argungu, inda ake da kogin Matan Fada da dubban masunta. Na san masu jefa koma a dam ɗin Daberam. Amma kai, da ko kududdufin bayan gari ba ka taɓa shiga ya wuce maka gwiwa ba, sarautar wane ruwa aka ba ka? Ya ce, "Na falo."

Da na shiga na gan shi. Akwatin gilashi ne da bai kai kamu biyu ba, an ɗora shi kan tebur tsakanin talabijin da taga, da 'yar fitila shuɗiya a samansa, wani ɗan inji yana ta gurnani a kusurwa. Abin da ke ciki kuwa, wallahi na ɗauka ƙasari ne uwargida ta tara wa tumaki. Inna ta fi ni faɗin gaskiya. Ta leƙa, ta gyara mayafi, ta ce, "Wa ya jiƙa gero a cikin madubi?" Ka ce mata, "Gwaggo, kifi ne, guda goma sha huɗu, daga Kano na sayo su." Muka zuba ido. Can sai wani abu ja ya matso jikin gilashin, ya buɗe baki sau biyu kamar mai son kai ƙara, ya juya ya ɓace cikin hazo. Sauran goma sha ukun na karɓi shaidarka a kansu kamar yadda ake karɓar labarin ganin wata a daren da hadari ya rufe sama.

Sai ka zaunar da ni kana lissafa mini jarumtakarka. Duk bayan kwana biyu kana kwashe kifin a bokiti, ka zubar da ruwan kaf, ka dirje gilashin, ka wanke tsakuwar da garin sabulu, ka cire soson da ke cikin matatar ka matse shi a bakin famfo har ya yi fari tas, ka shanya shi a rana. Ka jefa alif. Wani abokinka ya ce ka daka 'ya'yan zogale ka zuba, ka zuba. Da abin ya ƙi, ka sayo jaka shida ta fiya wata, ka tara yara suna fasa leda da haƙori suna tsiyayawa. Ruwan yakan yi garau wuni guda, ka kira maƙwabta su gani, a kwana na uku ya koma tsala. Wata biyu ke nan kana wannan ɗawainiya, kuma ka gama yanke hukunci cewa ko dai ɗan kasuwar ya cuce ka, ko kuma baki ne.

Bakin wa? Wa zai bar gonarka da shagonka ya yi wa ruwan jarka uku baki?

Ruwa ba ya tsami banza, Taubashi. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kana yi mini dariya kana kira na malamin kwaɗi. Yau ga ranar malamin kwaɗi ta zo, sai ka gyara zama.

Da ka tambaye ni tun farko, da kofin gilashi ɗaya ya raba gardama. Ka ɗebo ruwan, ka ajiye shi kan farar takarda, ka tafi harkarka. In cikin 'yan mintuna ya washe, ƙananan kumfar iska ce irin wadda ke fitowa da ruwan da aka turo da ƙarfi, ba ta da wata illa. In ya kwana ka tarar da laka ta kwanta a gindin kofin, ƙurar yashi ce ko ta tsakuwar da ba a ɗauraye ba. In ya yi kore-kore, gansakuka ce, 'yar mitsitsiya mai yawo cikin ruwa, kuma rana ce ke kiwonta. In kuwa ya kwana ya wuni yana nan fari-fari, bai kwanta ba bai washe ba, to abin da ke ciki rai gare shi. Ƙwayoyin bakteriya ne, miliyoyinsu. Na fara wannan gwajin a gidanka da kofin shayinka lokacin da ka fita alwala, na bar shi ya kwana ya wuni. Naka na ƙarshen ne, da ɗan kore a gefen da ke kallon taga.

Kada ka zabura ka ce za ka nemo maganin kashe su, don a nan ne ka yi ta faɗawa rami. Bakteriyar akwatin kifi iri biyu ce, kuma ka san su duka a cikin mutane. Akwai 'yan cin biki. Su ba a gayyatar su, ƙanshin abinci ke kiran su. Da zarar an sami ragowar abinci da kashin kifi yana ruɓewa, sai su cika wuri, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, wasunsu cikin ƙasa da awa guda. Su ne wannan farin hazon, kuma suna shan iskar da kifin ke buƙata. Sannan akwai 'yan shara. Waɗannan ba sa yawo a ruwa, manne suke a jikin soso da tsakuwa da gilashi, ido ba ya ganinsu, sai dai ɗan santsi da hannu ke ji. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, mafi yawanta ta wajen da yake numfashi. Wani rukunin 'yan sharar yana juya ta zuwa naitirayit, wadda ita ma guba ce, wani rukunin ya juya wannan zuwa naitiret, wadda kifi ke iya jurewa har ranar da za a rage ruwa. Wani masani haifaffen birnin Kiyef, Sergei Winogradsky, shi ya bayyana aikin waɗannan halittu wajen shekarar 1890, a cikin ƙasar noma ma ya fara binciken su. Matsalarsu ɗaya, nawa. Kafin ɗaya ta zama biyu sai ta ci kusan kwana guda. Kafin su yi yawan da za su riƙe akwati sabo, sai an yi sati huɗu zuwa shida ba a dame su ba.

To ka ga abin da kake yi. Duk bayan kwana biyu, daidai lokacin da 'yan shara suka fara kafa bukka, sai ka zo da sabulu da ruwan famfo mai kulorin ka yi musu kisan kiyashi, ka shanya gawarsu a rana. 'Yan cin biki kuwa ko a jikinsu, kafin ka gama goge hannu sun dawo, ga sabon ruwa, ga abinci, ba mai takara da su. Akwatinka ya yi wata biyu a gidanka amma har yau bai taɓa wuce kwana biyu da haihuwa ba. Garin neman gira kake ta tsokane ido.

Abincin ma kai ka tara musu. Na zauna a falon nan daga azahar zuwa isha ina ƙirgawa. Ka ba su da hannunka sau uku. Autanka ya dawo daga Islamiyya ya marmasa musu biskit. Baƙinka biyu da suka zo daga Mai'adua, kowanne ka miƙa masa gwangwanin ka ce ya ɗan zuba ya ga yadda suke wawa. Da magariba na kama 'yarka tana jefa musu lomar tuwo, ta ce Baba ya ce kada a bar baƙo da yunwa. Na san halin gidan Kawu, ba a shiga a fito ba a ci ba, ko mutum ya rantse ya ƙoshi sai an ƙara masa miya. Wannan karamci ne a zaure, a cikin ruwa kuwa kisa ne. Irin wannan jan kifin da ka sayo, wanda mutanen Sin suka fara kiwo don ado fiye da shekara dubu da suka wuce, ba shi da tumbin ajiya irin naka. Abinci wucewa yake yi ta hanji ya fita, shi ya sa kullum yake buɗe baki kamar bai taɓa ci ba, shi ya sa kuma ya fi yawancin kifayen ado ɓata ruwa. Mu sau ɗaya muke cika-ciki a shekara, ranar goma ga Muharram. Kifinka kullum a daren cika-ciki suke.

Kuma goma sha huɗu! A cikin lita sittin! Ko motar kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ba a yi mata irin wannan lodin. Biyu ma da ƙyar wannan akwatin zai ɗauke su in suka girma, don kifi ne da ke iya kai tsawon tafin hannu har ya wuce. Ɗan kasuwa ya ga babbar riga da hula zanna, ya ce maka "Alhaji, ƙara huɗu su yi kyau," kai kuma da ba ka iya jin an kira ka Alhaji ka ce a'a ba, ka ce a ƙara shida.

Bari in faɗi wani abu a kan alif, don na ga kana ji da shi. Alif maganin laka ne. Yana tattara ƙurar da ke yawo a ruwa ta dunƙule ta kwanta, shi ya sa matan karkara ke jefa shi a ruwan tafki, shi ya sa ma ake amfani da shi a manyan matatun ruwa. Ƙwayar zogale ma haka take yi, wannan gaskiya ne, an gwada an gani. Amma babu ɗayansu da ke taɓa amoniya. Alif yana sa ruwa ya yi tsami, ya ƙona wa kifi wurin numfashi. Garin zogale kuwa in ya kwana a akwati ya zama wani sabon tuwon 'yan cin biki. Abin da ya fi ba ni tsoro a lamarinka shi ne ka ɗauka hasken ruwa shi ne lafiyarsa. Amoniya ba ta da launi. Ruwa yana iya yin garau kamar hawaye ya kashe kifi cikin dare ɗaya, ga tarwaɗa kuma tana ƙiba a cikin taɓon da kai ko ƙafa ba za ka sa ba. Masu sayar da kayan kifin ado suna da 'yan kwalabe da 'yan takardun gwaji masu sauya launi, su ke nuna gubar. Kuɗinsu bai kai abin da ka kashe a fiya wata ba.

Kada ka ce kai kaɗai abin ya taɓa samu, kana da magabata. A shekarar 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton yadda ya sa jan kifi biyu da wata ciyawar ruwa a cikin babban tulun gilashi. Tsofaffin ganyen ciyawar suka ruɓe, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta taso. Bai zubar ba, bai nemo sabulu ba. Ya kawo 'yan dodon-koɗi ya saka, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe, ya daɗe a haka ba a sauya shi ba. Bayan shekara uku, a 1853, aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin Landan. Ka lura da lissafinsa: kifi biyu. Shi da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro abin bai kai ka zuciya ba.

Ni ma, tunda Inna ba za ta karanta wannan wasiƙa ba, bari in faɗa. Shekarar da na fara koyarwa an ba ni amanar wani akwatin ƙananan karfasa a ɗakin gwaje-gwaje. Aka ce baƙi za su zo duba makaranta, na tashi da ƙwazo na wanke komai har da tsakuwa, na cika da ruwan famfo. Baƙi suka yaba. Ranar Litinin na tarar da su duka sun juya ciki sama. Bambancina da kai, ni sau ɗaya na yi, kuma ba a naɗa ni sarauta a kai ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, Taubashi, shi ne a ce Badauri ne ya rasa yadda ake zama da ruwa. Ku da tarihinku gaba ɗaya daga bakin rijiya ya fara! Tun muna yara kake cika mini kunne da labarin: Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, don macijin da ke cikin Kusugu ba ya bari. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan maciji, ya auri Daurama. Duk baƙon da ka yi sai ka kai shi ya leƙa rijiyar ya sha ruwanta, kana tsaye kana hura hanci kamar da kai aka yi. To ni yau na zo in yi wa macijin nan adalci. Ban ce ya kyauta wa mutanen gari ba. Amma ta fuskar kiwon kifi, ban taɓa jin tsarin da ya kai nasa ba: a taɓa ruwa sau ɗaya a mako, a ɗebi kaɗan, a bar saura ya huta. Littattafan Turawa na kiwon kifin ado duk abin da suke faɗa ke nan, shi kuwa ya riga su da ɗaruruwan shekaru. Gidanka ba Bayajidda ya rasa ba, ka yi masa yawa ma, kullum kana tsaye da wuƙa a bakin ruwa. Maciji ya rasa, wanda zai kwanta a gindin teburin nan ya hana ka kusantar akwatin daga Asabar zuwa Alhamis. Na yi magana da uwargida, ta ce za ta karɓi aikin.

Ga yadda za ta yi mulkinta. Kwana uku na farko kifin za su yi azumi, ba abin da zai same su, lafiyayyen kifi yana yin fiye da haka. Bayan nan sau ɗaya a wuni, ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu, gwangwanin kuma a ɗakinta zai zauna, ƙarƙashin adakar da kai ma ba ka isa ka buɗe ba. Goma sha biyu daga cikin kifin a raba wa masu wurin ajiye su, in ka ƙi to ka sayi akwatin da ya ninka wannan sau da yawa. Ranar Juma'a in ka sauko daga masallaci, ka sa 'yar tiyo ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kana bin tsakuwar ƙasa inda datti ke kwanciya. Ka mayar da ruwan da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, don in na famfo ne kulorin ya fice, in na burtsatse ne ya sha iska, zafinsa kuma ya daidaita da na ɗaki. Tunda yanzu lodi ya yi yawa kuma 'yan shara ba su kafu ba, in ka ga kifin sun taru a sama suna haki, an yarda ka rage wani kashin a tsakiyar mako, amma da izininta. Soson nan kuwa kada ya sake ganin famfo ko rana. In ya toshe, ka ɗan matsa shi sau biyu cikin ruwan da ka zuƙo daga akwatin ka mayar da shi da dauɗarsa. Wannan launin ƙasa-ƙasa da kake ƙyama, shi ne dukiyar. Ka ɗauke akwatin daga bakin taga, fitilar kuma kada ta wuce awa takwas. Hazon zai iya ƙaruwa kwana biyu-uku kafin ya fara ja da baya, a nan ne hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Ka sa shi a aljihu.

Ka tuna randar Kaka da ke ƙarƙashin rumfa? Ruwan rijiya ake zubawa ja-ja da yamma, da safe ka tarar da shi garau, da sanyi kamar an sa ƙanƙara. Ba ta taɓa sa masa komai ba. Dokarta ɗaya ce, a ɗiba daga sama a hankali, kuma duk wanda ya zura moɗa har ƙasa ya dama, zai sha rankwashi. Kai ka fi kowa shan rankwashin nan a cikinmu, ga shi har yau bai shige ka ba.

Sauran abu biyu suna tafe, gara in gaya maka tun yanzu. Hunturu na zuwa da ƙurarsa, wadda ke shiga har cikin akwatin tufafi, sai ka yi wa na kifin murfi amma ka bar kafar iska. Bayansa bazara, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi: lita ɗaya a digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙata. In aka ɗauke wuta injin ya tsaya na sa'o'i masu yawa, 'yan sharar da ke cikin soso su ma shaƙewa suke yi, wuta na dawowa ya turo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Na ga kana da sola a kan rufi, na kuma ga inda wayarta ta nufa: talabijin, don kada ƙwallon Ingila ta wuce ka. Injin nan bai kai ƙwan fitila ɗaya cin wuta ba. Ka ja masa layi.

Wannan duk na ba ka kyauta, ko da yake likitan dabbobi da ya zo da sai ka sallame shi. Amma akwai tsohon bashi. Watan cika-ciki ya wuce da wata biyu, kuɗin sharata ban gani ba, na bara ma ka ce sai an sayar da gyaɗa. Na lura dai duk mai shara a gidanka haka kake yi masa, na cikin soso ka shanya shi a rana, na cikin dangi ka bar shi da alkawari. Zan dawo bayan sati shida. In na tarar da ruwan ya washe har na ƙirga kifin da idona, ka ba ni kuɗina na shekara biyu. In kuwa na tarar da ƙasarin nan yana nan, zan zo da Inna da kaskon suya da ƙullin yaji, ka tanadi man gyaɗa.

Naka,
Malamin kwaɗi